Ɗanyen nama ga ɗan kwikwiyo: yayin da ya taso daga Turai da abin da ya tarar a Nijar

A Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, matasa da dama sun shiga kiwon karnukan gadi irin su karen Jamus, Rottweiler da Boerboel. Wanda ya zuba kuɗi ya sayi ɗan kwikwiyo mai wata 2, burinsa ya ga ya yi ƙirji da wuri. Shawarar da ya fi cin karo da ita a TikTok da Facebook, ko a saƙon WhatsApp daga wani ɗan'uwa da ke Faransa ko Amurka, ita ce ya ba shi ɗanyen nama, ɗanyen ƙashi da kayan ciki. Sai dai tsarin da ake nunawa a bidiyo ya dogara ne da wasu sharuɗɗan da ba kowane gida a Nijar ke da su ba, kuma idan aka yi kuskure, ƙashin kwikwiyon da lafiyar yaran gida ne ke shiga haɗari.

Asalin yayin

Wani likitan dabbobi ɗan Ostareliya, Ian Billinghurst, shi ne ya yaɗa wannan tsari da littafin da ya fitar a 1993, daga baya aka san shi da suna BARF. Hujjarsa ita ce kare jikan kyarkeci ne, don haka abincin da ya dace da shi shi ne irin wanda kyarkeci ke ci a daji. Wasu mabiya tsarin suna aiki da lissafin kaso 80 cikin 100 tsoka, kaso 10 ƙashi, kaso 10 kayan ciki, rabinsu hanta. Suna cewa gashin kare yana ƙara sheƙi, haƙoransa suna tsabta, kuma ya fi cin abincin da marmari.

Binciken kimiyya ya rage wa hujjar kyarkecin ƙarfi. A 2013, masana a jami'ar Uppsala ta Suwidin sun wallafa a mujallar Nature cewa karnuka, saboda dubban shekarun da suka yi tare da mutane, sun fi kyarkeci yawan ƙwayar halittar da ke sarrafa sinadarin narkar da sitaci. Wato cikin kare yana iya narkar da dafaffen hatsi.

Makiyayan arewacin Tawa ba su buƙatar mujalla ta gaya musu haka. Karen Azawak, wanda babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta amince da shi a matsayin nau'i mai zaman kansa a 2019, ya tashi ne a rugagen Abzinawa da Fulani bisa gero da nono, da ɗan naman farauta idan an samu. Da wannan abincin yake bin barewa da zomo a guje.

Ƙashin kwikwiyo ba ya jira

Babban kare yana iya jure abincin da bai daidaita ba na ɗan lokaci. Kwikwiyo kuwa yana gina ƙashinsa ne a watanninsa na farko, kuma ginin yana buƙatar sinadarai biyu, kalsiyam da fosforas, kusan daidai da juna, kalsiyam ya ɗan ɗara. Tsokar nama tana da fosforas mai yawa, kalsiyam ɗinta kuwa kaɗan ne ƙwarai. Idan aka ɗora kwikwiyo a kan tsoka da hanta zalla, jikinsa zai koma yana zaƙulo kalsiyam daga ƙasusuwansa don ya daidaita jini. Cikin makonni ƙafafu su fara lanƙwashewa, ya fara ɗingishi, ya ƙi tashi, wani lokaci ƙashi ya karye daga tsalle kaɗan. Mai shi yakan ɗauka an cuce shi da mugun iri, alhali abincin ne.

Ɗaya ɓangaren ma akwai haɗari. Kwikwiyon manyan nau'o'i, kafin ya kai wajen wata 6, hanjinsa ba ya iya tace kalsiyam ɗin da ya wuce kima. Wanda ya cika masa kwano da ƙashi ko ya riƙa ɗura masa ƙwayoyin kalsiyam ba tare da awo ba, yana iya lalata masa gaɓoɓi. Hanta ita ma idan ta yi yawa, bitamin A da ke cikinta yana taruwa a jiki ya zama guba. Shi ya sa likitocin dabbobi suka fi jan kunne a kan kwikwiyo fiye da babban kare.

Abin da aka gano a ƙasashe masu firiza

Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gwada samfuri 196 na ɗanyen abincin karnuka da kyanwa da ake sayarwa tsakanin 2010 da 2012. Ta samu ƙwayar Salmonella a cikin 15, ƙwayar Listeria mai haɗari a cikin 32. A 2012 ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasar ta fitar da matsayar hana ba dabbobin gida ɗanyen nama. A Ingila kuwa, a 2017, mutum 4 sun kamu da wani mugun nau'in ƙwayar E. coli, ɗaya ya rasu, kuma hukumar lafiya ta danganta lamarin da ɗanyen tumbin da ake ba karnuka.

Wannan ya faru ne inda ake duba nama a mayanka, a daskarar da shi, a kai shi gida cikin sanyi. A Yamai zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, kuma ɗaukewar wuta kan narkar da abin da ke cikin firiza. A irin wannan zafi ƙwayoyin cuta suna ninkuwa cikin ƙasa da awa guda. Daskarewa kuma ba ta kashe Salmonella, kwantar da ita kawai take yi.

Karen da ya ci irin wannan nama yana iya zama garau, amma yana fitar da ƙwayoyin a cikin najasarsa da yawunsa. Yaro mai rarrafe a tsakar gida, mace mai ciki, tsoho da marar lafiya su ne suka fi saurin kamuwa.

Kayan cikin da mahauci ya ware

Haɗarin da ya fi kusa da gidajen Nijar yana cikin hanta da huhu. Akwai wata ƙaramar tsila mai suna Echinococcus, wadda tsawonta bai wuce ƴan milimita ba, da ke zama a hanjin kare. Tumaki, awaki, shanu da raƙuma suna haɗiye ƙwanta wajen kiwo, sai ya zama ƙulli mai ruwa a hantarsu ko huhunsu. Irin wannan gaɓar ce ma'aikatan kiwo ke ƙwacewa a mayanka. Amma a yankan gida da yankan bayan fage, musamman lokacin babbar salla, abin da aka ga bai yi kyau ba shi ake jefa wa kare. Da zarar ya ci, tsilar ta kama hanjinsa, ya fara zubar da ƙwai.

Mutum ba ya kamuwa ta cin nama, yana kamuwa ne ta hannun da ya shafa kare ko ƙasar da ya ɓata, ko ta ruwa da ganyen da ƙwan ya taɓa. Ƙullin yana girma a hankali a hanta ko huhun mutum, shekaru ba a sani ba, kuma sau da yawa sai an yi tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Ɗanyen kan rago ma yana da nasa. Wata tsilar daban tana yin ƙulli a ƙwaƙwalwar tumaki, ita ce ke sa dabba ta riƙa zagaye wuri ɗaya. Karen da ya ci kan yana mayar da cutar ga garke, har da ragon da ake turka a gida. Kajin da suka mutu da kansu su ma ba abincin kare ba ne, ganin cewa murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a Magarya tun 2006.

Abin da mai kwikwiyo zai iya yi

Hanya mafi sauƙi ga mai hali ita ce busasshen abincin buhu da aka haɗa musamman don ƴan kwikwiyo, wanda an riga an auna sinadaransa. Ga manyan nau'o'i akwai nasu daban. Wanda zai haɗa a gida, tafasa ita ce kariyarsa: nama, kifi ko ƙwai a dafa su sosai, a haɗa da dafaffiyar shinkafa, tuwon gero ko na masara, da ɗan kabewa ko karas, da ɗan mai. Ba a sa albasa ko tafarnuwa, domin suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, haka nan yaji, gishiri mai yawa da sinadarin ɗanɗano. Ragowar miyar gida ke nan ba ta dace ba. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya huda hanji, don haka a cire shi.

Girkin gida shi ma yana buƙatar ƙarin kalsiyam, kamar garin ƙashi ko garin ɓawon ƙwai da aka tafasa aka daka. Yawan da za a sa ya danganta da nauyin kwikwiyon da nau'insa, likitan dabbobi ne ya kamata ya auna. Ana ciyar da shi sau 4 a rana har wata 3, sau 3 har wata 6, sannan sau 2, tare da ruwa mai tsabta a inuwa. Abin da bai cinye ba cikin rabin awa a ɗauke.

Wanda ya nace sai ɗanye, to ya sayi naman da ke da hatimin mayanka kaɗai, ya guji huhu, hanta da kai sai an dafa, ya ware wa kare wuƙarsa da kwanonsa, ya wanke hannu da sabulu, ya kwashe najasa kullum ya binne. Ya fi masa alheri ya jira kare ya gama girma, wanda ga manyan nau'o'i kan kai wata 12 zuwa 18.

Kowane abinci aka zaɓa, ana fara ba kwikwiyo maganin tsutsar ciki tun yana mako 2, ana maimaitawa duk bayan mako 2 har ya kai wata 3, sannan kowane wata har wata 6. Maganin da ke kashe tsila shi ne praziquantel. Allurar rigakafin farko ana yin ta tsakanin mako 6 zuwa 8, ta haukan kare kuma a wata 3, a wajen likitocin dabbobi masu zaman kansu ko ofisoshin ma'aikatar kiwo.