Ɗaliban Haɗa Magunguna Da Fargabar Rashin Aiki: A Bari Ko A Daure?

Daga Wakilinmu

Fannin haɗa magunguna yana cikin fannonin da samun gurbi a cikinsu ya fi wuya a jami'o'in ƙasar nan, domin sai ɗalibi ya ci jarrabawar JAMB da maki mai yawa kafin a dube shi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko ta Bayero a Kano, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Duk da haka, akwai waɗanda suka sami shiga, suka yi shekara biyu ko uku, sa'an nan suka fara tunanin ajiye karatun, saboda ganin yayyensu da suka gama suna zaune a gida da takarda a hannu.

Wannan fargaba tana da dalili. Digirin B.Pharm shekara 5 ne, na Pharm.D kuwa, wanda Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da shi a 2016, shekara 6. Wannan ma in ba a sami cikas ba ke nan, domin yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 kaɗai ya cinye wata 8. Bayan digiri akwai aikin horo na shekara ɗaya a ƙarƙashin ƙwararre, wanda ake kira intanshif, da jarrabawar shiga rajista, sa'an nan shekarar bautar ƙasa. Watau matashi zai yi shekara 7 ko 8 kafin ya tsaya da ƙafarsa.

Inda Gizo Ke Saƙa

Babban cikas yana wajen aikin horon nan ne. Jami'o'in da ke koyar da fannin sun ƙaru, amma guraben horo a asibitocin koyarwa da na Gwamnatin Tarayya, inda alawus ya fi tsoka, ba su ƙaru daidai da su ba. Saboda haka wasu kan yi watanni da yawa, har shekara, suna jira. Bugu da ƙari, a 2023 kamfanin GSK ya ba da sanarwar rufe harkarsa a Nijeriya, Sanofi ma ya miƙa rarraba kayansa ga wani kamfani, abin da ya ƙara karya gwiwar masu burin aikin kamfani.

To, amma ya kamata ɗalibi ya rarrabe tsakanin cunkoso a bakin ƙofa da rashin wuri a cikin gida. Majalisar PCN, wadda ke kula da sana'ar, ta yarda a yi horon a kantunan magani da masana'antu da jami'o'in da ta amince da su, ba lallai sai a asibitin gwamnati ba. Wanda ya nace sai a babban birninsu, shi ya fi daɗewa a layi.

Abin Da Doka Ta Tanada

Abin da ya bambanta wannan digiri da sauran digirorin kimiyya shi ne lasisi. Bisa dokar PCN ta 2022, wadda ta maye gurbin doka mai lamba 91 ta 1992, ba a yi wa kantin magani, ko ma'ajiyar sari, ko masana'anta, ko kamfanin shigo da magani rajista sai da mai haɗa magunguna mai lasisi da zai ɗauki alhakin wurin. Masu kemis na unguwa kuwa, an iyakance su ga magungunan da ba sa bukatar takardar likita. Wanda ya karanta ilmin sinadarai ko na halittu, komi ƙwazonsa, doka ba ta keɓe masa wannan kujera ba. Don haka ɗalibin da ya bar haɗa magunguna ya koma ɗaya daga cikinsu saboda tsoron rashin aiki, yana iya zama gudun gara ya yi ya tarar da zago.

Har ila yau, bukatar ƙwararru a fili take. A 2008 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya hallaka yara fiye da 80 saboda guba da ta shiga haɗinsa. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin, ganin yadda yake lalata matasa. A 2024 aka tilasta wa 'yan kasuwar magani ta Sabon Garin Kano komawa cibiyar sari ta Dangwauro a kan hanyar Zariya, don a riƙa sa ido kan abin da ake sayarwa. A shekarar ce kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a umurnin ɗage haraji kan kayan haɗa magani, don ƙarfafa masana'antun gida. Duk waɗannan matakai ba sa tafiya sai da masu lasisi. Marigayiya Dora Akunyili, wadda ta jagoranci yaƙin hukumar NAFDAC da jabun magani daga 2001 zuwa 2008, ita ma wannan fannin ta karanta.

Sai dai aiki daban, wadata daban. Albashin yawancin kantunan magani bai taka kara ya karya ba, kuma ana yini a tsaye. Buɗe kanti na kai yana bukatar jari mai kauri, ga tsadar haya da faɗuwar darajar naira. Wasu kan ba 'yan kasuwa hayar lasisinsu su yi tafiyarsu, alhali laifi ne da ke jawo hukuncin Majalisar. Galibin ƙwararrun kuma sun taru a Legas da Abuja da manyan birane, aka bar ƙananan hukumomi da dama a Arewa babu kanti mai ƙwararre a ciki, ga shi can ne gasa ta fi sauƙi.

Awon Da Ya Kamata A Yi

Tambaya ta farko ita ce, me ke korar ɗalibin? Idan fannin ne ba ya so, aka tura shi don a faranta wa iyaye, yana ta faɗuwa a darussan sinadarai, to, gara ya sauya tun yana aji ɗaya ko biyu, kafin asarar ta yi yawa. Kuskuren awon magani rai yake ci, sana'ar ba ta wanda zuciyarsa ke wani wuri ba ce.

Idan kuwa yana son karatun, labarin zaman kashe wando ne kawai ya razana shi, musamman in ya kai aji uku ko huɗu, to, ya lissafa. Sauya fanni yakan mayar da mutum baya da shekara ɗaya ko fiye, kuma ba ko yaushe ake samun gurbi ba. Ya fi masa ya yi amfani da hutunsa a wani kantin magani mai rajista, ya ga aikin da idonsa, ya san mutane, ya kuma tambayi waɗanda suka gama shekara 5 da suka wuce inda suke yau. In kuɗin makaranta ne matsalar, akwai asusun bashin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024.

Su ma gwamnatocin jihohi da sauran aiki a gabansu. Kowane babban asibitin jiha da aka gyara sashen maganinsa har PCN ta amince da shi, zai karɓi 'yan horo, ya rage layi, marasa lafiya kuma su sami mai duba musu magani. Iyaye kuwa, ya kyautu su zauna da 'ya'yansu su ji ainihin damuwarsu kafin a yanke shawara.