Ƙwayar Natsuwa da Ruwan Nono: Halin Mai Jego a Umdurman

Wanda ya san Kasuwar Libiya da ke yammacin Umdurman ya san a da ba abin da ba a samu a cikinta. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya ɗaiɗaita ta, sai a Maris na 2025 sojoji suka ƙwace ta daga hannun dakarun RSF. Asibitoci da kantunan magani da dama sun rufe, kuma duk inda ganin likita ya yi wuya, ɗan tebur ke rubuta magani. Hankalina yana kan mai jego da ke fama da larurar rashin natsuwa da kasa tattara hankali, wadda likitoci ke kira ADHD.

Maganin da aka fi ba ta shi ne methylphenidate, wato Ritalin ko Concerta. Da aka auna nonon masu shan sa, abin da ke isa cikin jariri bai kai kashi 1 cikin 100 na awon uwa ba, bisa nauyin jikin kowannensu. Likitoci kuwa sukan kwantar da hankali muddin bai haura kashi 10 ba. Dangin amphetamine sun fi shi ratsa nono. Matan da aka auna 'yan kaɗan ne, shi ya sa ake sa ido: jinjiri yana barci? Yana kama mama? Nauyinsa yana ƙaruwa? Ruwan nonon ma kan ja baya, domin ƙwayoyin na danne prolactin, sinadarin da ke kawo shi, musamman kafin a yi arba'in.

Duk wannan lissafi na ƙwayar da aka san awonta ne, ba irin su Captagon ba. Captagon ma magani ne da aka haɗa a Jamus a 1961, aka riƙa ba yara marasa natsuwa, kafin a haramta shi a shekarun 1980. Wanda ke yawo yau jabu ne, amphetamine da tarkacen da mai haɗawa kaɗai ya sani. A Fabrairun 2025 hukumomi suka bankaɗo masana'antarsa kusa da matatar man Jaili, arewa da Hartum. Ƙwayar Captagon haramiyar mai shayarwa ce.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yayen gaggawa saboda tsoron magani. Kwalara ta yi ɓarna a Umdurman a Mayun 2025, kuma madarar gwangwani da ruwa ake dama ta.

'Yar'uwa, kada ki cire yaron daga nono, kada ki sayi ƙwaya a tebur. Ɗauki kwalin maganinki ki kai wa likita ya duba, ki kuma riƙa kai jinjirin awo.