Shirin Musamman: Jawo Hasken Rana Cikin Ɗaki Ta Bututu

 

Duk wanda ya shiga ɗakin soro da tsakar rana a watan Afrilu ya san abin da zan faɗa. A waje rana na ƙuna, zafi ya haura digiri 40, amma a ciki sai ka laluba kafin ka ga takalminka. Taga ƙarama muke yi, ko ma babu, don gudun zafi da ƙura, kuma muna da hujja. To amma ana iya shigo da haske a bar zafin a waje, kuma masu kiwon kifi a akwatin gilashi suna cikin waɗanda wannan dabara za ta amfana.

Kifi kansa ba ya neman haske sosai. Tsirran da ake dasawa a ƙarƙashin ruwan su ne ke bukatarsa, kamar awa 8 a yini, don su yi girma, su tsotse dattin kifin, su saki iskar da yake shaƙa. In hasken ya ishe su, da azahar za ka ga ƴan ƙananan kumfa sun jeru a bakin ganye, suna ɓallewa ɗaya bayan ɗaya zuwa sama. Galibi fitila ake kunna musu. A nan kuwa mun ga yadda wuta ta yi mana a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kawo wa Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta a wancan lokaci. In kuma ka ce bari in fitar da akwatin cikin rana, kwana kaɗan ruwan zai yi kore shar da gansakuka, ya ɗumame, kifi ya galabaita. Ko karfasa, da juriyarta, ta fi jin daɗi tsakanin digiri 25 zuwa 30.

Bututun haske abu ne mai sauƙin fahimta. Ana huda rufi, a kafa ƙoƙon gilashi ko roba mai garai-garai a sama, a saukar da bututu wanda cikinsa ke ƙyalli kamar madubi. Haske na dukan bangon bututun yana gangarowa, har ya faɗo kan farantin da ke baza shi a hankali bisa ruwan. Kamfanin Solatube na Ostireliya ya fito da irinsa a shekarun 1980. A Japan kuma Farfesa Kei Mori ya ƙera na'urar Himawari, mai bin rana duk inda ta juya, tana tura haske ta siraran zaren gilashi. Wannan ta masu hali ce.

Wanda ya fi kusa da aljihunmu shi ne na Alfredo Moser, wani makaniki ɗan Brazil. A 2002 ya cika gorar roba da ruwa, ya zuba ɗan ruwan jabel don kada ta yi kore, ya soka ta a rufin kwano, rabi waje rabi ciki. Hasken da take bayarwa ya kai na ƙwan fitila mai wat 40 zuwa 60. Ku lura da kyau: jabel a cikin gora yake zama, rufe. Digonsa kaɗan a ruwan kifi ya isa ya kashe su.

A ganina, makarantunmu ne ya kamata su fara gwadawa. Kifi ga shi a tafkin Madarunfa da tabkunan da Gulbin Maraɗi ke bari bayan damina, tsirran ruwa ma haka. Masu ƙera bokiti da murhu a kasuwar Tibiri ko ta Gazawa ba za su kasa naɗa bututu ba. Sai dai ya zama gajere kuma miƙaƙƙe, domin kowace kwana tana cin haske. A liƙe bakin ramin da kyau saboda yoyo, lokacin hunturu kuma a riƙa goge ƙoƙon, don ƙurar buji na iya dushe shi cikin kwanaki. In ruwa ya fara kore, a rage hasken da ƙyalle.

Malamai da maƙera, ku gwada ko da a aji ɗaya ne, sannan ku aiko mana da labarin abin da kuka gani.