Fläta a Suwidin, Kitso da Saƙa da Tufka a Madarunfa

A harshen mutanen Suwidin akwai kalmar fläta, wadda take zama suna kuma take zama aikatau, ma'anarta kuwa ita ce harɗe silla uku ko fiye, wannan bisa wancan, har su zama abu guda. Kalmar 'yar'uwa ce ga flechten ta Jamusanci da plectere ta Latin, kuma mutanen ƙasar suna amfani da ita ga gashin kai, da kwandon da aka harɗa da ɓawon itace, har ma da burodin alkama mai suna vetefläta, wanda ake murɗa ƙullunsa kafin a gasa.

Abin da wannan harshe ya tara a kalma ɗaya, Hausa ta rarraba shi bisa ga sana'a, kuma Madarunfa, garin da ke bakin tafki a kudancin Maraɗi, ya isa misali. Idan gashi ne, sunan aikin kitso, mai yinsa makitsiya, wadda take fara tsefe kai da tsinke ta shafe shi da mai, sannan ta zana shuku ko kalaba ko zanen yawo. Idan kaba ce, wato ganyen ƙaramar goriba, aikin ya zama saƙa, daga gare ta ake samun tabarma da faifai, kuma da kalmar ake kiran haɗa komar masuntan tafkin. Idan kuwa zaren rama ne aka murɗa a cinya domin igiyar guga ko ta ɗaure dabba, wannan tufka ce, kuma ba a cewa an kitsa igiya.

Rarrabuwar ta bi kalmomin har cikin salon magana. Mutanen Suwidin suna cewa sammanfläta ga al'amuran da suka sarƙe da juna, ba tare da yabo ko zargi ba, alhali kowace kalmar Hausa ta ɗauki halinta: ana kitsa makirci, ana saƙe-saƙe a zuci, mai rushe abin da ya gina yana tufka da warwara, wanda ya amince da maci amana kuwa yana kitso da ƙwarƙwata. Saboda haka mai fassara fläta ba zai zaɓi kalma ba sai ya san abin da ke hannun mai aikin, ko gashi ne, ko kaba, ko rama.