Jiki Magayi: In Ƙafa Ta Daina Jin Zafi

Da daminar bara mun je wani ƙauye duba gonakin da aka gwada sabon irin masara. Muna zaune a gindin ɗorawa sai muka ga jini a takalmin wani dattijo. Muka ce, "Baba, me ya sami ƙafarka?" Ya duba, shi ma ya yi mamaki. Ashe ƙusa ce ta huda takalmin, tun safe yake taka ta, bai ji kome ba. Wani saurayi ya ce ai Baba jarumi ne. Mu kuwa hankalinmu ya tashi, gama wannan ba jarunta ba ce, ciwo ne.

Hausawa sun ce jiki magayi. To, da me jiki yake faɗa mana? Daga ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya akwai waɗansu jijiyoyi farare kamar zare da suka bazu har kan yatsu. Ba su ne masu ɗaukar jini ba, aikinsu kai saƙo. Waɗansu suna kai labarin zafi da sanyi da taɓawa. Waɗansu suna umartar tsoka ta motsa. Waɗansu kuma suna sa fata ta yi gumi don kada ta bushe. In jijiya ta lalace, sai wurin ya daina ji, ƙarfi ya ragu, fata ta tsattsage.

A ƙauyukanmu abu uku ne suka fi jawo wannan.

Na fari kuturta. Ba gado ba ce, ba kuwa sammu ba. Ƙwayar cuta ce, wadda likita Hansen na ƙasar Norwe ya gano a 1873. Takan kama jijiyoyin da ke kusa da fata, kamar ta gwiwar hannu. Shi ya sa ƙaramin yatsa da na kusa da shi sukan fara mutuwa, su lanƙwashe. Dā mutane suna tsammani cutar ce take cinye yatsu. Likita Paul Brand, wanda ya fara aiki a Vellore ta Indiya a 1946, ya nuna cewa yawancin ɓarnar daga ƙuna da rauni take zuwa, waɗanda mai su bai ji ba, ya ci gaba da aiki a kansu har ƙashi ya ruɓe.

Na biyu ciwon sukari. In ya daɗe ba a kula da shi ba, ƙafafu biyu sukan fara zugi da dare, ko mutum ya ji kamar tururuwa na bin sa, daga baya su daina ji.

Na uku allurar da wanda bai koya ba ya yi. Akwai babbar jijiya da ta ratsa ta ɗuwawu ta gangara ƙafa. In allura ta same ta, yaron da jiya yake gudu sai a ga yana jan ƙafa. Kada mu miƙa 'ya'yanmu ga masu yawo da allura a jaka ran kasuwa.

Yaya za mu gane da wuri? In ka ga tabo a fata wanda ya fi sauran jiki haske ko ja, ba ya ƙaiƙayi, sa mutumin ya rufe ido, ka shafa wurin da bakin auduga. In bai ji ba, a tafi asibiti cikin makon nan. Haka kuma in takalmi yana zamewa daga ƙafa ba a sani ba, ko cokali yana faɗuwa daga hannu, ko ido ba ya rufuwa sosai.

Kuturta tana da magani. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna a sha tare, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su. Ana sha wata 6 ko wata 12, gwargwadon yadda cutar ta kama. Wanda ya soma sha ba ya ba kowa cutar, saboda haka babu dalilin ware masa ƙwarya ko hana shi zama cikin jama'a. Amma mu lura: maganin yana kashe ƙwayar cuta ne, ba ya tā da jijiyar da ta daɗe da mutuwa. In rashin jin bai kai wata 6 ba, likita yana da maganin da sau da yawa yakan ceci jijiyar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jijiyar da ta ji rauni kuwa a hankali take tohowa, wajen inci 1 a wata, sai an yi haƙuri.

Wanda hannunsa ko ƙafarsa ta riga ta daina ji, sai idonsa ya yi masa aikin jijiya. Ga abin da zai yi kowace rana:

1. Da yamma ya duba tafin hannu da na ƙafa, har tsakanin yatsu. In idonsa ba ya gani sosai, ɗansa ko matarsa su duba masa.
2. Ya jiƙa su cikin ruwa marar zafi wajen minti 20, ya goge kanta da dutse a hankali, ya shafa man kaɗanya tun fata ba ta bushe ba.
3. Kada ya taka ƙasa ba takalmi. Ya nemi mai taushin ciki wanda ba a buga masa ƙusa ba, ya kakkaɓe shi kafin ya sa.
4. Ya naɗe ƙotar fartanya da tsumma. Mata su sauke tukunya da tsumma mai kauri, kada kuma a matsa kusa da wuta lokacin hunturu.
5. In ya ga bororo ko miki, ya wanke, ya rufe da ƙyalle mai tsabta, ya huta. In wurin ya kumbura ko yana wari, sai asibiti.

Hutun nan shi ne mai wuya, gama ciyawa ba ta jiran kowa. Nan ne aikinmu yake, 'yan'uwa. Dattijon da muka ambata, samarin ƙauyen sun yi masa gayya sau biyu har ƙafarsa ta warke, yana kuma shan maganinsa. Bana shi da kansa ya yi huɗa. In akwai irinsa a unguwarku, ku raka shi asibiti, ku kuma kama masa noma.