Tazkiyyar Idon Kyamara

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar alƙali ya san ba a karɓar shaidar mutum saboda girman rawaninsa ko tsadar rigarsa, sai an binciki halinsa an yi masa tazkiyya, aka tabbata adali ne, sa'an nan a gina hukunci a kan abin da ya faɗa. To, gilashin nan da ke gaban kyamara, wanda za mu kira idon kyamara, shi ma shaida ne, domin duk abin da hoto ya nuna ta cikinsa ya bi. Alhali kuwa galibin masu saye ba su da wata hujja a kansa face tsadarsa da rantsuwar mai kanti cewa yana fito da hoto tar.

Mai karatu zai ce ai ido ya isa, a ɗauki hoto a duba. Amma tun da daɗewa malamin nan Hasan ɗan Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, bayan ya kafa dalili a cikin Kitabul Manazir cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, sai ya ware wani sashe na littafin kacokan a kan kurakuran gani. Idan idon ɗan Adam kansa yana ruɗuwa, ba shi yiwuwa ya zama shi kaɗai ne alƙalin wani idon. Wannan ya sa masana suka ƙirƙiro allunan gwaji, waɗanda an riga an san haƙiƙar abin da ke jikinsu tun kafin a ɗauka, ta yadda duk saɓanin da ya bayyana a hoto za a san wanda za a tuhuma.

Mafi shahara a cikin tsofaffin allunan shi ne na rundunar sojan saman Amurka na shekarar 1951. An zana masa layuka baƙaƙe uku a tsaye da uku a kwance, ana ta maimaita su suna ƙara ƙanƙancewa, har idan an sauka mataki shida girmansu ya koma rabi. Mai gwaji sai ya ɗauki allon, ya nemi mafi ƙanƙantar matakin da yake iya ƙirga layuka ukun ba su narke sun zama toka-toka ba. Illarsa ita ce hukuncin ya sake komawa ga ido, mutum biyu na iya duban hoto ɗaya, saurayi ya ce yana ganin uku, dattijo ya ce shi dai hazo yake gani. Shi ya sa ƙa'idar duniya mai lamba ISO 12233, wadda ta fara fitowa a shekarar 2000, ta shahara da wata dabara mai ban mamaki saboda sauƙinta: iyaka guda tsakanin baƙi da fari, a ɗan karkace ta da kimanin digiri biyar. A jikin allo baƙin yana yankewa ne kamar an sa wuƙa, a hoto kuwa yana ɗan jan ƙafa kafin ya zama fari, kuma faɗin wannan jan ƙafar shi kwamfuta ke aunawa ta fitar da lissafin yawan bambancin baƙi da fari da ya tsira bayan haske ya ratsa gilashi. Irin wannan ma'auni ne kamfanoni kamar Canon da Nikon ke bugawa a siffar zane, a kan layuka goma da layuka talatin, baƙi da fari, a cikin milimita ɗaya.

A nan ne asirin gilashi ke tonuwa, domin kusan kowanne gwani ne a tsakiya, sai an je kusurwa ake sanin na ƙwarai. Wanda ya taɓa karɓar hoton ɗaurin aure ya ga fuskar ango garau har ana ƙirga zaren hularsa, amma kawunnan da suka tsaya a gefe sun fito dishi-dishi, ya riga ya ga wannan aibi ko da bai san sunansa ba. Ƙofar haske ma tana da nata hukuncin: idan an wangale ta duka hoto yakan yi laushi, idan an rage zuwa f/5.6 ko f/8 galibi nan ne gilashi ke kai maƙurar kaifinsa, idan kuma an matse ta ainun zuwa f/22 sai kaifin ya sake raguwa, saboda haske yana bazuwa in ya bi ta ƙaramar kafa. Sauran aibobi, irin lanƙwasar miƙaƙƙen layi ya yi tumbi kamar ganga, ko duhun da ke taruwa a kusurwoyi, allo mai gidan dara da farin bango sun isa su fallasa su, kuma manhaja na gyara su ba wahala.

Launi kuwa maganarsa ta fi zurfi. Tun da Isaac Newton ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku wajen 1666 aka san cewa gilashi ba ya lanƙwasa launuka daidai wa daida, shuɗi ya fi ja lanƙwasuwa, don haka ba sa haɗuwa wuri guda. Shi ne wannan zaren shunayya ko kore da kan bayyana a gefen farar riga idan rana ta ƙwalle. Maganin da John Dollond na Ingila ya karɓi takardar mallakarsa a 1758, wato haɗa gilashi iri biyu ɗaya ya gyara kuskuren ɗaya, har yau a kansa ake gini. Sai dai a yi adalci: yawancin kuskuren launi a hoto ba laifin idon kyamara ba ne, na na'urar da ke karɓar hasken ne da manhajar da ke fassara shi, da kuma fitilar da aka ɗauka a ƙarƙashinta. Matar da ke fitar da atamfa daga rumfa zuwa rana kafin ta biya kuɗi ta fahimci wannan babi sarai. Masana suna faɗinsa ne da lamba, hasken rana kimanin kelbin 6500, tsohon ƙwan lantarki mai ja-ja kuwa bai cika kai 3000 ba.

Mizanin da aka fi dogaro da shi wajen auna launi shi ne allon ColorChecker, wanda kamfanin Macbeth ya fitar a 1976, mai gidaje 24 a sahu huɗu, na ƙarshen ya taso daga fari ya bi ta toka-toka ya ƙare a baƙi. Kowane gida an san lambobinsa bisa tsarin da hukumar haske ta duniya, CIE, ta fara kafawa a 1931 ta sabunta a 1976, sai a gwada da abin da hoto ya bayar, tazarar da ke tsakani a kira ta Delta E. Ɗaya ko biyu da ƙyar ido ke lura, goma kuwa ko yaro ya gani.

Amma shi mizanin wa ya yi masa tazkiyya? Shekaru da dama, tun daga wajen 1950, masu wanke hoto suna daidaita injinansu ne da katin kamfanin Kodak mai hoton wata Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, har ya zama baƙar fata na fitowa dunƙule, ba a ganin komai sai haƙora da fararen idanu. An kuma ruwaito cewa koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla, yana cikin abin da ya sa aka gyara fim. Sai a 1995 Kodak ya fitar da kati mai mata masu launin fata daban-daban. Abin lura shi ne gidan farko na allon Macbeth, can sama ta hagu, launin baƙar fata ne, sai na farar fata ya biyo shi. Mai ɗaukar hoton biki a Kano ko Damagaram, wanda aikinsa kullum fuska mai duhu ce a cikin farar shadda ƙarƙashin rana mai zafi, wannan gidan da farin gidan da ke ƙasa su ya kamata ya fara dubawa: ya ba abokin ango allon ya riƙe a ƙirji, ya ɗauki hoto ɗaya kafin a fara, da dare in ya zauna gyara ya daidaita sauran a kansa.