Mai Gadin da Ba Ya Ganin Fuska: Yadda Otal Ke Sayar da Intanet ta Iska

Duk wanda ya taɓa sauka a otal, ko ya zauna jiran jirgi a filin jirgin sama, ya san wannan al'amari. Ka haɗa wayarka da Wi-Fi, alama ta nuna an haɗu, amma da ka nemi buɗe wani shafi sai wani dabam ya ɓullo yana neman lambar ɗaki ko ta tikiti. To, mene ne ya tare ka?

Asalin matsalar ita ce igiyar rediyo ba ta san katanga ba. Mai shayin da ke bayan otal yana iya kama ta kamar yadda baƙon da ya biya kuɗin ɗaki zai kama. Saboda haka ba a hana kowa haɗuwa, sai dai a tsare mashiga. Akwai wata na'ura da ke tsakanin otal da intanet. Ita ce ke ba kowace waya adireshi na wucin gadi, sannan ta karkatar da baƙuwar waya zuwa shafin shiga, komai ta nema.

Abin lura a nan, ya kai ɗalibi, shi ne wannan mai gadi bai san mutum ba. Abin da yake gani shi ne lambar shaidar na'ura, wadda ake kira MAC, mai tsawon bit 48. Idan lambar tikitinka ta yi daidai, sai ya rubuta lambar shaidar wayarka cikin jerin waɗanda aka yarje wa wucewa.

Shi kuwa lissafin kuɗi, sau da yawa wata kwamfuta ce dabam ke riƙe da shi, ta hanyar tsarin da ake kira RADIUS. Wannan tsari ya girmi Wi-Fi, domin kamfanin Livingston na Amurka ne ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1990 don masu shiga intanet ta wayar tarho, alhali ƙa'idar farko ta 802.11, tushen Wi-Fi, sai a 1997 ta fito. Tambayoyi uku yake amsawa: wane ne kai, me aka halatta maka, kuma nawa ka ci? Alal misali, idan tikitin awa ɗaya ka saya, kwamfutar za ta gaya wa mai gadi ya ba ka daƙiƙa 3,600. Shi kuma ya aika mata saƙo lokacin da ka fara, ya riƙa sanar da ita yawan bayanan da suka wuce, har wa'adi ya cika ya rufe ƙofa.

Sai dai dogaro da lambar na'ura yana da rauni. A fili take yawo cikin iska, don haka mai wayo na iya kwaikwayon ta maƙwabcinsa ya ci kuɗin da bai biya ba. Bugu da ƙari, tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi kan nuna lambar aro maimakon ta ainihi don kare sirrin masu su. Idan lambar aron ta sauya, mai gadi zai ɗauke ka baƙo, ya sake neman tikiti.

Wani abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne shafin shiga don kare kuɗin otal aka yi shi, ba ya lulluɓe saƙonninka. Ɗan damfara na iya kafa tasa na'urar da sunan otal ɗin, ya kwaikwayi shafin, ya tattara lambobin katin banki. Shi ya sa ya kamata baƙo ya tambayi ma'aikatan otal ainihin sunan Wi-Fi ɗinsu kafin ya rubuta komai a shafin.